Manhajar da Ta Shiga Gado

Duk wanda ya zo koyon aiki wurina, ranar farko ba na barinsa ya rubuta komai. Nakan zaunar da shi gaban kwamfuta in ce ya buɗe sabon aiki a shafin da masu sana'armu ke ajiye rubutun manhaja, wato kod. Zai sa suna, zai sa ɗan bayani, sai ya iso wani ƙaramin akwati da ke tambayar wane lasisi zai sa wa aikin. Kusan dukkanku masu koyo a nan kuke tsallakewa kamar mai tsallake kwata. Wani ya ce sai an gama, wani ya ce wannan ai aikin lauyoyi ne. Ba zan yi muku faɗa ba, don ni ma haka na ce lokacin da gemuna ke baƙi. Zan dai gaya muku abin da tsallake akwatin nan ya jawo wa wani bawan Allah da ya yarda da ni.

Ku fara riƙe wannan. Sa kod a intanet inda kowa zai gani ba kyauta ba ce. Idan babu lasisi, doka tana ɗauka ka baje shi ne a kalla kawai, babu mai ikon ya ɗauka ya gyara ko ya raba wa wasu. Lasisi shi ne takardar da ke faɗin abin da ka yarje. Suna da yawa, amma mu a bakinmu biyu ne, gajere da dogo. Gajeren cewa yake ka ɗauka ka yi abin da ka ga dama, ko sayarwa ce, ka dai bar sunan mai shi a jiki. Dogon kuma cewa yake ka ɗauka, amma in ka gyara ka ba wasu, dole ka buɗe gyaranka kamar yadda ka tarar da nawa a buɗe. Zaɓi tsakanin biyun nan bai kai minti ɗaya ba a kwamfuta.

Ni ba da kod na fara ba. A wata masaƙa a Bompai na koyi aiki, da sukudireba da mita da ƙarfen narka dalma, ina bin allunan lantarki na injuna ina neman inda ya ƙone. Maigidana na lokacin ba ya bayani, sai dai ya miƙo maka allo ya ce ka shinshina. Da hanci muka fara gane abin da ya mutu kafin mu koyi gane shi da mita. Da masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, na koma wani kamfanin jima a Challawa, inda ake sarrafa fatar awaki da tumaki. A can na haɗu da Malam Habibu.

Shi masanin kemikal ne, ya girme ni da 'yan shekaru, yana zaune a Na'ibawa. Mutum ne marar hayaniya, in ya yi dariya ma kafaɗunsa ne kawai ke motsi. Ya koya wa kansa rubuta kod don lissafin ma'aunin magani ya ishe shi a takarda. Ni na iya magana da inji, shi ya iya magana da fata, sai muka zama abokan aiki ba tare da wani ya haɗa mu ba.

Aikin da ya haɗa mu shi ne na ganguna. A gidan jima akwai manyan gangunan katako, kowace ta fi tsayin mutum, ana loda fata da ruwa da kemikal a ciki, inji ya yi ta juyawa na wasu sa'o'i ƙididdigaggu. Na'urar da ke kula da lokacin daga waje aka kawo ta, kuma waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa tunanin akwai garin da ake ɗauke wuta ba. Da an ɗauke, ganga ta tsaya, na'ura ta manta komai. In aka tada janareta ko wuta ta dawo, sai ta fara ƙirga daga farko kamar ba a taɓa juyawa ba. Fata kuwa tana nan kwance cikin magani duk tsawon lokacin, yana cinta. Na ga ranar da aka buɗe ganga aka fito da fata tana yagewa a hannu, lodi guda cur, aka kwashe a baro aka zubar a bayan katanga.

Mutum ɗaya ne ke ceton lodi a irin wannan rana, Baba Yohanna, mutumin Filato, babban mai kula da gangunan. Zai sa a buɗe, ya zaro fata ɗaya, ya matsa ta tsakanin yatsu, ya ce a ƙara minti ashirin ko a zubar da ruwan yanzu-yanzu. Amma Baba Yohanna ɗaya ne, gangunan kuwa da yawa, ga ƙananan majema a Sharada da ba su da irinsa. Malam Habibu ya ce mu yi wa gangunan ƙwaƙwalwar da ba ta mantuwa. Ni na haɗa ƙaramar na'ura mai batir, na rubuta ɓangaren da ke jin motsin ganga da nuna lokaci a fuska. Shi ya rubuta zuciyar abin, lissafin da ke duba minti nawa aka juya, minti nawa aka tsaya, wane magani ne a ciki, yaya zafin ruwan, sannan ya faɗi abin da za a yi in wuta ta dawo. Shekara biyu muka yi a kai, bayan an tashi daga aiki da ranakun hutu, da kwamfutarmu ba ta kamfani ba.

Tun farko ya gaya mini abin da yake so da aikin. Ya ce shi ba shi da halin gina masallaci ko haƙa rijiya, wannan ita ce sadakarsa mai gudana. Duk majemin da lodinsa ya tsira saboda lissafin nan, yana fata Allah ya rubuta masa, ko yana raye ko ba ya raye. Bai faɗa da wasa ba, kuma ban ɗauke shi da wasa ba.

A kan lasisi muka saɓa. Ni dogo nake so. Na san halin manyan kamfanoni, za su ɗauki abin, su gyara, su kulle shi a cikin akwatin ƙarfe mai tambarinsu, su sayar wa ƙananan majeman da muka yi dominsu. Shi kuma gajere yake so.

Ya ce, "Sabo, sadaka nake son yi, ba haya ba. Ban taɓa ganin an miƙa wa mutum sadaka an bi shi da takardar sharaɗi ba."

Na ce masa ai wakafi ma sadaka ce, kuma da sharaɗi ake yin sa, don kada wani ya wayi gari ya zagaye shi da katanga. Kafaɗunsa suka motsa, ya ce ashe injiniyoyi ma sun fara wa'azi. Ya ce wanda ya ɗauka ya sayar, ai fatar mutane dai ta tsira, shi abin da ya dame shi kenan. Muka yi ta juya maganar har aka kira la'asar.

A nan kuskuren yake, kuma ba kuskuren kwamfuta ba ne. Ya girme ni, ina jin nauyinsa, ba zan iya tsayawa ina ja da shi har sai ya sauko ba. Shi ma ya ga raina na kan dogon, bai so ya danne ni da girma. Kowa ya bar wa kowa, sai abin ya zama ba na kowa ba. Ga kuma wata kunyar, ta in kawo takarda in ce wa abokina ya sa hannu, kamar ina zargin wata rana zai juya mini baya. Muka ce a bari sai bayan Sallah. Muka ɗora kod ɗin a intanet haka nan, akwatin lasisi fayau, muna jin daɗi mun ba duniya kyauta.

Sallah ta wuce, wata ta zo ta wuce. Sau ɗaya maganar ta sake tasowa, wata Juma'a na rage masa hanya a motata zuwa Na'ibawa. Muna tsaye a cunkoson manyan motoci ya ce, ko wanne muka zaɓa daga baya, in shaida shi dai nasa ɓangaren ya bar wa Allah. Na ce na shaida. Daga ni sai shi a cikin motar.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mugunyar shekararmu. Masu sayen fata daga waje suka ja baya, aka rage ma'aikata, rabin gangunan suka tsaya. Cikin damina Malam Habibu ya kwanta da zazzaɓi ranar Litinin, ranar Alhamis da hantsi muka kai shi makwancinsa. Ya bar mahaifiya, da matarsa Malama Rabi, da 'ya'ya huɗu, autar tana goye. Na yi kuka a maƙabarta, ban ɓoye ba. Amma ko sau ɗaya tunanin lasisi bai zo mini ba a ranar, ko a watannin da suka biyo.

Abin da ya tuna mini shi ne alheri. Ƙananan majeman Sharada suka sami wata ƙungiya da za ta saya musu na'urorin, a sa manhajarmu a gangunansu duka. Abin da Malam Habibu ya yi ta roƙo kenan. Aka kira ni ofis in sa hannu, na tarar da lauyar ƙungiyar, mace mai natsuwa, da kwamfuta a gabanta. Ta ce ta duba shafinmu ba ta ga lasisi ba. Na ce ai a buɗe yake, kowa ya ɗauka. Ta ce a buɗe yake a gani, ba a ɗauka ba, amma abu ne mai sauƙi, duk waɗanda suka rubuta su amince a sa lasisi yau. Ta ce ta ga sunaye biyu a tarihin aikin, ina ɗayan?

Na ce ya rasu.

Ta yi masa addu'a, sannan ta rufe kwamfutar a hankali. Ta ce to abin da ya rubuta ya zama na magadansa, kamar gidansa da babur ɗinsa. Ni ba ni da ikon bayar da shi, su kuma ba za su raba wa mutane abin da ba a ba su ba.

Na ɗauka magana ce ta yini ɗaya. Na tafi Hotoro wurin yayansa Alhaji Tukur, ɗan kasuwa mai sito a Dakata, wanda riƙon marayun ke hannunsa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in dawo jibi zai kira malamin da ya raba musu gado. Na dawo da kwamfuta, na buɗe a kan tabarma, na nuna musu layukan da marigayi ya rubuta. Ina tsammanin zan sha wahalar bayani, sai na tarar malamin ya fi wasu injiniyoyi saurin ganewa. Ya tambaya ko abin yana da amfani da daraja, na ce yana da su. Ya tambaya ko marigayi ya rubuta a wani wuri cewa ya bayar, na ce bai rubuta ba. Ya tambaya wa ya ji lokacin da ya faɗa. Na ce ni. Ya ce da wa? Na ce daga ni sai shi.

Malama Rabi ta aiko cewa ta san burin mijinta, ta yafe tumuninta. Mahaifiyarsa ma ta ce ta yafe nata kason. Malamin ya ce wannan ya halatta, manya ne, haƙƙinsu ne. Amma sauran na yara ne, kuma babu wanda ke da ikon yin kyauta da dukiyar maraya, ko uwarsa, ko waliyyinsa. Ya dube ni ya ce ko za a iya yanke kason manyan a fitar, a bar na yaran? Na ce lissafi ne guda, in ka cire ɗaya bisa takwas ɗinsa babu abin da zai yi aiki. Na kawo maganar a saya daga hannunsu. Alhaji Tukur ya ce ba zai sayar da abin marayu da bai san darajarsa ba, kuma ni kaina na kasa faɗa masa darajar.

Ya ce, "Injiniya, ban ƙaryata ka ba. Na san ƙanena, irin maganarsa ce. Amma kai kaɗai ka ji, kuma kai ne abokin tarayya a cikin abin. Gobe in yaran nan suka girma suka tambaye ni, me zan nuna musu? A bari su kai hankali su bayar da bakinsu."

Na ce, "Alhaji, ku duba, wannan fa ita ce sadakar da ya yi wa kansa tanadi."

Ya ce, "To me ya hana ku rubutawa?"

Mako guda na yi ina jin haushinsa. Na ce ɗan kasuwa ne, bai san komai ba sai buhu. Daga baya na zauna na auna, na ga mutumin nan amana yake karewa, irin wadda ni na kasa karewa da layi ɗaya na rubutu. Haushin ya dawo kaina, kuma har yau bai gama tashi ba.

Hanya ɗaya ta rage. Lauyar ta ce in ina son majeman Sharada su samu, sai in cire duk abin da marigayi ya rubuta in sake nawa daga tushe, kuma kada in riƙa leƙa nasa ina kwafa da wasu kalmomi, don wannan ma ɗauka ce. Na kwashe fayilolinsa na zuba a filash, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, na kai wa Alhaji Tukur ya sa a cikin takardun marayu. Sannan na dawo na sauke su daga intanet, na goge su daga kwamfutata ɗaya bayan ɗaya. Malam Habibu yana da ɗabi'ar barin 'yan bayanai da Hausa a tsakanin layukan kod. A wani wuri ya rubuta cewa a nan a yi haƙuri, fatar tunkiya ba ta son gaggawa. A wani wurin ya rubuta, Sabo kada ka taɓa wannan lambar. Na karanta su sau ɗaya na ƙarshe, na danna gogewa.

Ni ba masanin kemikal ba ne, saboda haka na koma ɗalibi da furfurata. Na je wurin Baba Yohanna na gaya masa halin da ake ciki. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Oga Injiniya, abin da na koya wa Malam zan koya maka, amma hannunka zai yi wari." Wata bakwai ina tsaye bakin ganga da littafi. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, mutane na tsaki ni ina duba agogo. Baba Yohanna ya zaro fata ya matsa, ya miƙo mini in matsa, ya faɗi hukuncinsa, in rubuta minti da zafi da irin maganin. Hannuna ya yi warin, matata ta ware mini sabulu na daban. Daga waɗannan rubuce-rubuce na gina sabon lissafi. Yana aiki, amma ban yaudari kaina ba. Na Malam Habibu yakan faɗi minti daidai, nawa sai dai ya ce tsakanin kaza da kaza, a buɗe a duba.

Ranar da na gama, na buɗe sabon aiki a shafin, na iso akwatin nan. Yanzu kowane layi nawa ne, babu wanda zan yi jayayya da shi. Duk hujjojina na dogon lasisi suna nan, kuma har gobe in ɗayanku ya tambaye ni, sau da yawa dogon zan ce ya ɗauka. Na zaɓi gajeren. Shi Malam Habibu ya roƙa, kuma cikin duk abin da ya roƙa wannan kaɗai ya rage a hannuna. A layin da ake sa sunan mai aiki, sunana kaɗai ya halatta in sa. Nasa na sa shi a shafin godiya, tare da na Baba Yohanna.

Aka sa na'urorin a Sharada. Bayan 'yan makonni wani majemi ya tare ni a hanya yana ta sa albarka, an ɗauke wuta sa'a uku lodinsa ya fita lafiya. Na ga ya kamata iyalin marigayi su ji. Wata Asabar da hantsi na ɗauki matata muka tafi Na'ibawa. Malama Rabi ta shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, autar tana dafa bango tana koyon tafiya. Na ba ta labarin majemin. Fuskarta ta washe, irin yadda ban gani ba tun rasuwar.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Kenan yanzu aikin Malam ne ke juya gangunan?"

Matata ta dube ni. Da na ce e, da babu wanda zai taɓa sani. Na ce mata a'a, nawa ne. Na ce dole ta sa na cire nasa gaba ɗaya, amma sunansa na nan a wurin godiya.

Ta ce, "To nasa yana ina?"

Na ce yana cikin filash a wurin Alhaji.

"Har yaushe?"

Na ce sai yaran duka sun girma sun amince, har da wannan. Ta juya ta dubi yarinyar, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce Malam kuwa ya sha gaya mata hankalinsa a kwance yake, ya riga ya aika da guzurinsa gaba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zarge ni ba. Ta ce Allah ya raya su mu ga lokacin, ta tashi ta kawo mana ruwa.

Abin da ban iya gaya mata ba shi ne kod ba ya jira kamar fili ko gida. Autar tana aji uku a firamare yanzu. Irin na'urar da Malam Habibu ya rubuta lissafinsa dominta an daina ƙera kayan haɗa ta, kuma bara na ga an ciro ta ƙarshe daga jikin ganga a Challawa, aka jefa ta cikin tarin ƙarafan da za a kai wa 'yan gwangwan.